Yadda Ake Haɗa Allon Zayyana Mai Tudu da Kayan da Ke Kusa da Kai

Shekarar da 'yar yayata ta sauke Alƙur'ani, na shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a neman abin da zan ba ta. Duk rumfar da na leƙa, firam ɗin roba ne mai ruwan gwal, iri ɗaya sak, kamar an tsaga kara. Na ɗauki ɗaya ina juyawa, sai allon zayyanar mahaifinmu ya faɗo mini a rai, wanda har yau yake rataye a ɗakin Inna: Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya, ja da ɗorawa da kore sun kewaye su, kowane layi da alamar hannun wanda ya ja shi. Na ajiye firam ɗin na dawo gida hannu rabbana. A wannan makon na fara gwada abin da zan bayyana a nan, kuma tun daga lokacin kusan duk saukar da aka yi a danginmu ko tarewar amarya, da irin wannan allon nake zuwa.

Ba allon sauka na asali ba ne, wanda mai zayyana ke zama ya yi da alƙalami tun daga fari har ƙarshe. Ƙaninsa ne. Ana haɗa katako da takarda da ƙyalle da gwangwani da guntun fata, a tayar da wani zanen ya yi tudu yadda yatsa zai ji shi, kamar adon da magina ke yi a bangon soro, irin wanda ake gani a Gidan Makama a Kano ko a fadar Dutse. Wanda hannunsa bai faɗa da zane ba ma zai iya, domin akwai abin da masu rubuta allon shago ke kira sitansil: wani faifai ne na roba ko kwali da aka huda zane a jikinsa, a ɗora a shafa launi, zanen ya fito iri ɗaya ko sau nawa aka maimaita.

Kafin a taɓa reza

Da na koyi yanka sitansil, abin da ya fara zo mini shi ne in yanka Bismilla in riƙa bugawa. Na ɗauki robar na je wurin alaramman tsangayarmu bayan la'asar.

"Allah ya gafarta Malam, so nake in huda Bismilla a jikin wannan, in riƙa fitar da ita a alluna da yawa."

Ya karɓa ya ɗaga ta sama yana dubawa. "To ɗana, gutsattsarin da reza za ta fitar, ina za su faɗi? In ka gama kuma, ita wannan mai hudar, cikin wane tarkace za ta kwana?" Ya miƙo mini. "Ado ka buga da abinka. Rubutu a bar wa alƙalami."

A kan wannan nake har yau, kuma shi nake ba kowa shawara. Da na zauna ma na ga ko ta fuskar sana'a maganarsa ce daidai. Harufa masu ido, irin su mim da wau da ha kuri, ba sa yankuwa a sitansil sai an bar musu 'yar gada da za ta riƙe tsakiyar idon, gadar nan kuwa karya harafin take yi. Saboda haka sitansil da tudu na gefe ne da kusurwa, tsakiyar allo ta rubutun hannu ce.

Abin da za a rubuta, a yanke shi tun yanzu, domin shi zai nuna girman filin da za a bari. Na sauka nakan sa "Rabbi zidni ilma". Na amarya, addu'ar nan ta "Barakallahu laka wa baraka alaika wa jama'a bainakuma fi khair". Malamai sun saɓa a kan rataye ayar Alƙur'ani a bango, wasu sun ƙi saboda gudun wulaƙanta ta ko mayar da ita ado kawai. Ka tambayi malaminka. In ranka bai kwanta ba, addu'a ta ishe ka, ko baiti biyu na Hausa da ajami waɗanda kai ka tsara.

Katako da shimfiɗa

Je wurin kafinta ya yanko maka filawud mai kaurin milimita 6, faɗi santimita 30, tsawo 42. Wannan awon ba da ka na zaɓe shi ba: dukkansu suna rabuwa da uku, za ka ga amfanin haka in an zo gefe. Mai son siffar allo sosai yana iya sayen allon aduwa wurin masassaƙi, sai dai ya rage awon komai daidai da shi. Kwali kuwa, komai kaurinsa, kada ka fara. Na farkon da na yi a kan kwalin katan ne, kwana biyu da bushewa ya lanƙwashe kamar ɓawon rake, tudun duk ya farfashe.

Goge katakon da sanfefa har gefunan su daina kama hannu, ka share ƙurar da ɗanyen tsumma. Sai ka daka allin makaranta fari, ka tankaɗe a rariya mai laushi. Farar ƙasa ma tana yi in an tankaɗe ta sosai. Cokali huɗu na garin, cokali biyu na farin gam ɗin kafintoci irin su Top Bond, ruwa kaɗan-kaɗan har ya yi kaurin kunun da ba a cika damawa da kauri ba. Shafa da buroshi a gaba, ya bushe, ka juya ka shafa a baya. Shafin bayan kada ka tsallake shi: katakon da aka jiƙa fuska ɗaya yakan karkata. Shafi biyu a gaba, kana gogewa sama-sama da sanfefa a tsakani, zai ba ka fuska fara mai santsi.

Da fensir da rula ka fitar da taswira. Santimita 3 daga kowane gefe, wannan filin ado ne na kewaye. Abin da ya rage a ciki 24 ne da 36. A tsakiyarsa ka zana wurin takardar rubutu, faɗi 16, tsawo 18. Sama da ita za a sami fili na santimita 9, nan tauraron ƙarfe zai zauna. Ƙasa ma 9, nan dagi zai fito da tudu. Hagu da dama santimita huɗu-huɗu, na ƙyalle.

Filin ciki ana lulluɓe shi da takarda mai ruwan ƙasa. Ta buhun siminti tana da kyau, amma fallen tsakiya za ka ɓare, ka kakkaɓe sosai, don ƙurar siminti tana cin hannu. Cukuikuye ta a tafin hannu, ka warware, ka yayyaga da hannu ba da almakashi ba, gutsure kamar faɗin tafin yaro. Tsarma gam da ruwa rabi da rabi, ka liƙa su suna hawa kan juna. Inda dagi zai zauna ka danne da bayan cokali ya kwanta lif. Kada ka yi sha'awar liƙi da koko ko sitati don arha. Kyankyaso da gara za ka gayyato, su kuwa ba sa barin komai.

Yanka sitansil

Nan ne aikin yake, nan kuma ake gane mai haƙuri. Abin da ya fi kowane daɗin yanka shi ne tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, wanda kusan kowane gida akwai shi a ƙasan akwati. Ba ya jiƙa, ba ya yagewa, ana wankewa a sake amfani da shi shekara da shekaru. Jiƙa shi a ruwan da aka zuba Hypo, a waje inda iska ke kaɗawa, ka sa leda a hannu. Ba da jimawa ba baƙin zai saki, ka goge da tsumma, a bar ka da roba garau mai ɗan shuɗi-shuɗi wadda ake hango zane ta cikinta. Wankin yana kuma tafiya da sunan mai hoton da ciwonsa, abin da bai kamata ya yi yawo a hannun mutane ba. In babu fim, bangon fayil na roba ya yi. Kwalin shayi ko na sukari ma yana yi in an goga masa kyandir gaba da baya, amma bugu biyar zuwa shida ya gaji.

Guda uku za ka yanka. Fara da na gefe don shi ne mai sauƙi. A takarda ka ja layi biyu masu tazarar santimita 3, ka raba su gida-gida, kowane gida santimita 3. A kowane gida ka zana dala mai kusurwa uku, ko lu'u-lu'u irin na bakin tabarma, ka bar tazarar milimita 3 tsakanin kowane zane da maƙwabcinsa. Gida biyar ya isa. Tunda allon 30 ne da 42, gida 10 za su cika faɗi, 14 su cika tsawo, babu rabin zane a kusurwa.

Na biyu tauraro mai tsini takwas, irin alamar da ake gani a gefen shafin Alƙur'ani bugun ɗab'i wurin rubu'in izu. Buɗe kamfas ɗin 'yan makaranta santimita 3 da rabi ka ja da'ira a takarda, ka yanke ta, ka ninka biyu, ka sake ninkawa, ka sake. Da ka warware za ka ga layukan ninkin sun taɓa bakin da'irar a wuri takwas. Haɗa ɗigo da ɗigo kana tsallake ɗaya: murabba'i biyu za su fito, ɗaya a kan ɗaya a karkace. Ka duba da kyau, akwai ƙananan dala takwas a kewaye da fili mai gefe takwas a tsakiya. Waɗannan tara su za ka huda, layukan da ke tsakaninsu kuma ka bar su da kaurin milimita 3. Su ne gadojin da ke riƙe robar.

Na uku dagi, kuma shi na fi so. Kada ka wahalar da kanka wajen ƙirƙiro shi. Nemi tsohuwar riga mai aiki ko matashin fata mai dagi, ka ɗora takarda marar kauri ka kwafa, ka daidaita shi kada ya wuce santimita 7. Sirrin dagi shi ne kowace igiya tana hawa tana nutsewa, ta bi ta kan 'yar'uwarta a nan, ta bi ta ƙarƙashinta a gaba. To duk inda igiya za ta nutse, tsayar da reza milimita 2 zuwa 3 kafin ta isa wadda ke sama, ka ci gaba a ɗaya gefen. Gadar da a harafi aibi ce, a dagi ita ce ke fitar da saƙar. Kafin ka yanka, bi igiyar da jan biro ka tabbata hawa da nutsewa suna musanya, ba a yi hawa biyu a jere ba.

Wajen yankan, manna zanen a ƙarƙashin robar da salatif, ka ɗora a kan tayil ko gilashi. Sabuwar reza, ka naɗe rabinta da salatif don yatsunka, ko wuƙar nan mai ɓallewa da masu gyaran waya ke riƙewa. Ja reza zuwa gefe, ba zuwa hannun da ke danne ba. A lanƙwasa, robar za ka riƙa juyawa, reza tana tsaye wuri ɗaya. Fara da ƙananan huda na tsakiya ka ƙare da manya na waje, domin in ka fara da manya robar za ta yi laushi ta riƙa motsi. In gada ta tsinke, liƙa salatif gaba da baya ka sake yanka wurin. Da rana ake wannan aiki, a inuwa mai haske, ba da fitilar waya ba.

Tayar da tudu

Kwaɓin tudu: cokali uku na garin alli, cokali ɗaya na farin gam, cokali ɗaya na farin fentin ruwa na bango. Juya har ya yi kamar man shanu da sanyin safiya, in ka ɗaga cokali ya tsaya da tsini bai zube ba. Ya yi ruwa, ƙara gari. Ya yi tauri, ɗigo biyu na ruwa, ba fiye ba. Wasu suna sa garin filastar silin a madadin alli. Yana da ƙarfi, amma cikin 'yan mintoci yake sandarewa, sai ka kwaɓa kaɗan-kaɗan.

Gwada a guntun katako tukuna. In ya yi, ɗora sitansil ɗin gefe a kusurwar sama, ka kama shi da salatif na takarda. Ɗebo kwaɓin da tsohon katin banki ko katin da ake ɓalle layin waya daga jikinsa, ka ja shi a kan hudar a karkace, sau ɗaya zuwa biyu, kamar mai yaɓe. Yawan komawa shi ke tura kwaɓi ƙarƙashin roba ya ɓata bakin zane. Kama kusurwa ɗaya ka ɗaga sama kai tsaye, kada ka ja gefe. Abin da zai bayyana a ƙasa, farare tas a jere da kaifin baki, shi ne ladan wahalar yankan.

Matsalar ita ce ba za ka iya ɗora roba a kan ɗanyen tudu ba. Don haka ka yi gida biyar a sama, ka koma gefen ƙasa ka yi biyar, ka yi dagi, sannan ka jira na farko ya sha iska kafin ka ci gaba da layinsa. In za ka ci gaba, sa hudar farko ta zauna a kan zanen ƙarshe da ya bushe, shi zai daidaita maka tazara. Bayan kowane bugu biyu ka tsoma sitansil a ruwa ka wanke ka goge. Gam in ya bushe a cikin huda, zanen ya lalace ke nan.

Fim ɗin hoton ƙashi siriri ne, tudunsa kaɗan ne. In kana son dagi ya tashi sosai, bari ya bushe, ka mayar da sitansil daidai inda yake ka ƙara shafi na biyu, har na uku. Hawa-hawa ya fi lafta shi lokaci guda, domin mai kauri tsagewa yake. Lokaci ma yana da ruwa a ciki. Da hunturu iska tana busar da sama ciki na ɗanye, sai ya yi faso kamar diddige, don haka ka shanya a cikin ɗaki, ka kifa kwando a kai saboda ƙura. Da damina kuwa ka ba shi kwana guda cur. A rana dai ba a shanyawa ko da wane lokaci ne. In ya bushe, bi kan tudun da sanfefa mai laushi sau ɗaya don kashe ƙaya.

Tauraron gwangwani

Gwangwanin lemo na alminiyam, mai laushin nan da ake matsewa da hannu. Huda kusa da wuya, ka yanke sama da ƙasa da tsohon almakashi, ka tsaga shi a tsaye. Za ka sami falle kusan santimita 9 da 20. Bakinsa reza ne, ka kiyaye, yara kuma su matsa. Ja shi a gefen tebur ta ɓangaren da ya saɓa wa lanƙwasarsa har ya miƙe. Cikin, mai launin azurfa, shi ne fuska. Wajen mai rubutun kamfani shi ne baya.

Shimfiɗa tsohuwar jarida ninki goma, ko tafin tsohon silifa. Ɗora fallen fuska a sama, sitansil ɗin tauraro a kansa, ka bi bakin kowace huda da biron da tawadarsa ta ƙare, da ɗan dannawa. Juya shi. Layukan sun fito a baya. Yanzu daga baya za ka riƙa murza cikin kowace dala da abu mai kan mulmule, gindin buroshi ko marfin biro, a hankali, zagaye-zagaye, ƙarfen yana kumbura zuwa fuska. Juya shi fuska sama, ka mayar da shi kan tayil mai tauri, ka sake bin gindin kowane tudu da biro don ya tsaya da kyau. Haka za ka yi ta yi, baya a kan laushi, gaba a kan tauri, sau uku zuwa huɗu. Gaggawa huda ƙarfe take yi. Filin da ke kewaye da tauraron ka cika shi da ɗige-ɗige da bakin biro, irin na jikin tasa, shi ke sa tudun ya fito fili.

Duk abin da aka danna daga baya, a juye yake fitowa a gaba. Tauraro bai damu ba, amma wanda ya rubuta shekara ko suna daga baya zai same shi a birkice. Wannan ma wani dalili ne na barin rubutu ga alƙalami.

Ɗiga narkakken kyandir a ramukan baya, ko ka cike su da ragowar kwaɓi, don kada wani ya danna da yatsa tudun ya lotsa. Yanke fallen murabba'i, ka ninke bakin milimita 3 zuwa baya a jikin rula. Sai ka shafa baƙin man takalmi a fuskar gaba ɗaya, ka goge da tsumma nan take. Baƙin zai maƙale a ramuka, tudu ya yi ƙyalli, mai gani ya ɗauka aikin maƙerin farfaru ne.

In kana da guntayen jar fata daga wurin dukawa, wadda aka jeme da bagaruwa, yanka dala huɗu don kusurwoyin takardar rubutu. Jiƙa su da ɗanyen tsumma, ka ɗora kan ƙusa ko bakin makulli ka buga da guduma a hankali. Jemammiyar fata tana riƙe tambari in ta bushe.

Launi

Jiƙa ƙaro, na dakwara in ka samu, awo ɗaya a ruwa awo biyu, ya kwana, ka tace da ƙyalle. Shi ne mai riƙe launi. Daka bagaruwa cikin hannu ɗaya ka tafasa a kofi biyu na ruwa har ya yi duhu, ka tace: ruwan ƙasa ke nan mai kyau. Raba shi biyu, ka jefa ƙusoshi masu tsatsa a rabi, bayan kwana ɗaya ko biyu ya koma baƙi. Karan dafi a ruwan ɗumi da ɗan kanwa yana ba da jan nan na fatar dukawa. Bula ta wanki tana ba da shuɗi. Kowanne ka zuba masa ruwan ƙaro har ya ɗan yi danƙo.

Ɗorawa da kore kuwa, gaskiya na kanti na fi yarda da su. Kurkum yana da kyau ranar farko, amma haske yana cinye shi, kuma da ya haɗu da kanwa ko toka sai ya rikiɗe ja. Zoɓo ma na gwada, don jansa ya ruɗe ni: kafin shekara ta zagayo ya koma toka-toka. Sayi fentin ruwa na 'yan makaranta mai kauri don waɗannan biyun.

Fara da shafa ruwan bagaruwa a kan takardar siminti, ka goge da tsumma, launin ya zauna a cikin tamoji. A gefe, shafa ja ko shuɗi a kan komai har da tudun, ka goge saman tudun da ɗanyen tsumma tun bai bushe ba, fari ya dawo a sama, launi ya tsaya a ƙasa. In kana son kowane tudu da launinsa, mayar da sitansil a kai, ka tsoma guntun soson katifa a launi, ka daddanna a jarida har ya kusa bushewa, sannan ka daddanna a kan hudar. Dannawa, ba gogawa ba. Kowane launi da sosonsa. Uku sun isa allo ɗaya, ko ka duba zayyanar da, da wuya ka ga an wuce baƙi da ja da ɗorawa da kore. Masu fenti suna sayar da hodar gwal: kwaɓa kaɗan da ɗigon banish, ka taɓa da kan yatsa, ka shafi ƙololuwar dagi kawai.

Yanzu liƙa ƙyalle a hagu da dama. Guntun saƙi ya fi komai dacewa, in babu, ragowar shadda daga wurin tela, a ninke bakinta. Tauraron ka kafa shi da ƙananan ƙusoshin masu gyaran takalmi a kusurwa huɗu, ko gam ɗin da suke liƙa tafin takalmi da shi. Daga nan ka shafa banish mai mai, siriri, a kan tudu da takardar siminti, ban da ƙyalle da wurin rubutu. Mai mai nake cewa domin launin ƙaro ruwa ne ke narkar da shi, banish na ruwa zai jagwalgwala maka aiki.

Rubutun

A takarda dabam ake yi, a liƙa daga ƙarshe, ta yadda in an yi kuskure takarda kawai za a sake. Farin kwali mai kauri, 16 da 18. Shafa masa ruwan shayi marar madara, ka danne shi da littattafai ya bushe a miƙe, ka murza fuskarsa da gindin kwalba don alƙalami ya riƙa sulɓi. Ja layuka da fensir sama-sama.

In hannunka bai kai ba, kai wa alaramma ko gardin da aka san shi da kyan hannu, ka kuma biya shi hakkinsa da daraja, kada ka tsaya ciniki. Alƙalamin gamba ko na kara, baƙar tawada ga harufa, ja ga wasali, ɗorawa ga hamza, kamar yadda marubuta Alƙur'ani na ƙasar nan suka saba. In kai za ka rubuta, yi alwala, ka gwada sau uku a wata takarda, ka kuma ba wani mai karatu ya duba kafin ka liƙa, domin idon mai rubutu yakan tsallake kuskurensa. Kada banish ya taɓa wannan takardar, yana sa ta yi kamar an zuba mata mai. Gam siriri a baya, ka ɗora farar takarda da littafi mai nauyi a kai ya kwana. Da safe ka liƙa dalar fata a kusurwoyi huɗu. A bayan allon nakan rubuta sunan mai shi da shekarar Hijira.

Takardun gwajin da ke da sunan Allah ka tattara su wuri guda, ka ƙone ko ka binne a wuri mai tsarki, ruwan wankin alƙalami kuma a zuba a gindin bishiya, ba a makwarara ba.

Maratayi na igiyar fata ne, a kafa da ƙusa biyu a baya. Manna guntun silifa a kusurwoyin baya guda huɗu don allon ya ɗan tashi daga bango, saboda bangon ƙasa yana gumi da damina, gara kuma ta nan take hawowa. A rataye shi sama da kai, nesa da hayaƙin murhu, ba kuma inda rana ke faɗowa ta taga ba. Duka aikin kwana huɗu yake ɗauka, mafi yawansa jiran bushewa ne. Sitansil ɗin uku ka wanke su, ka goge, ka ajiye a kwance a tsakiyar babban littafi, ragowar ruwan ƙaro kuma ka zubar ko ka shanya shi ya bushe, don in ya kwana biyu a kwalba tsami yake yi.